Taɓaryar Ummaru Bakanike

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Ummaru a Bodinga ya san taɓaryar nan. Kafin ya ɗora sifana a kan tiyon birki, sai ya ɗauko ta, ya danne birki da kai ɗaya, ya tokare ɗaya kan da kujerar direba, ya ce, "To, riƙe mini." Da taɓaryar yake magana fa, ba da mutum ba! Sannan ya kwance tiyo, man birki ya ɗiga sau biyu ko uku, ya tsaya cik.

Ni ne Bello taubashinsa, ɗan gwaggonsa, mai jigilar albasa daga Shagari. Shekaru na yi abin nan yana cin raina. A sanina, in ka taka birki mai fita yake da ƙarfi. To yaya kuma takawar take hana shi zuba? Girman kai ya hana ni tambaya, sai ba'a.

Taɓaryar ma ta matarsa Altine ce. Ranar da ya fara ɗauke ta, har gareji ta biyo shi.

"Malam, gero na cikin turmi shina jira."

"Gero ba shi da birki, shi jira."

Da ta gaji ta samo sabuwa, sai ya auna ta da ido ya ce wannan ta fi tsawo, ta yi daidai da manyan motoci. Ita ma ta bi 'yar'uwarta!

Wani ma'aikacin asibiti da aka turo Shagari ya taɓa kawo motarsa mai sheƙi. Yana ganin taɓarya a kan kujera ya zaro ido.

"Malam, mi za ka daka cikin motata?"

"Ranka shi daɗe likita, kai in za ka ɗebi jini ba igiya kaka ɗaura muna ga hannu ba? Mun taɓa tambayarka ko awaki ka ɗauke mu?"

Wani direba mai gaggawa kuma ya ce masa, "Matse tiyon da filaya mana, mu huta." Ummaru ya ce matsi yana fasa tiyo ta ciki, inda ido ba ya gani. Direban ya nace. Ummaru ya dube shi sama da ƙasa. "Kai in ɗanka na haɓo, wuya kaka shaƙe mai?"

Yanzu sai nawa laifin, 'yan'uwana direbobi, wanda ban taɓa faɗa muku ba. Wata rana aka kira azahar, Ummaru ya bar motar wani malamin makaranta a buɗe, tiyo a kwance, taɓarya tana aikinta. Na ce ya yi gaba zuwa masallaci, zan sake alwala. Ƙarya nake. Gani kawai nake so in yi. Na zare taɓaryar, na tsuguna ina kallo. Ɗis, ɗis, mai ya kama zuba. Na shagala da mamaki, kafin in ankara kofin man ya ƙafe ƙarƙaf. Tsoro ya kama ni, na jingina taɓaryar a bango inda ya saba ajiye ta.

Ya dawo ya ga mai a ƙasa, ya ga taɓarya a bango. Ya daɗe a tsaye.

"Bello, ni na mance?"

Da shiru na yi ma da sauƙi. Dariya na yi, na ce, "Tsuhwa ya zaka, Ummaru."

Ya ƙarasa wunin yana cire iskar da ta shiga birkin. Daga ranar bai sake taɓa birkin kowa ba. In an matsa masa sai ya ce, "Wanda yam mance taɓarya yau, gobe noti za shi mancewa, a kwashi mutane bisa hanya." Kun tuna yadda kuka riƙa tafiya har Sakkwato gyaran birki? Ni na jawo.

Sai da ciwo ya kwantar da shi na iya buɗe baki. Na gaya masa komai, kaina a ƙasa. Bai zage ni ba. Ya ce Altine ta kawo ruwa a kofi da guntun siririn tiyo. Ya tsoma tiyon, ya toshe samansa da babban yatsa, ya ɗaga. Ruwa ya tsaya a ciki. Ya ɗage yatsa, ruwa ya zube.

"Ga taɓarya," ya nuna yatsan. "In ka danne birki, ƙohwar kohin mai ta ruhe daga sama."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, sakarai! Da ka tambaya, kahin shayi shi huce ka sani."

Sai kuma ya fashe da dariya har hawaye.

"Ashe kaina lahiya lau shike! Altine, kin jiya? Hwaɗa ma direbobi in na tashi su kawo birkinsu."

Bai tashi ba. Amma ya tafi da sanin cewa hankalinsa bai taɓa barinsa ba, kuma ya ce ya yafe mini. Ku ma ku yafe mini. Allah Ya jiƙan Ummaru, Ya haskaka makwancinsa, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe wa taubashinsa.