Na Kai Ummaru Sakkwato Tsakanin Buhunan Yashi

Goronyo

Ana kiran assalatu muka bar Goronyo. Zamanin Turawa ne, shekarar da agana, ciwon ƙurajen nan mai kisa, ta sake shigo mana. Ni ta daɗe da gamawa da ni: ta ɗauke mijina da 'ya'yana biyu, ta bar mini zanzana a fuska. Wanda ya yi ta ba ya sakewa. Shi ya sa da motar asibiti ta zo ɗaukar Ummaru, ɗan maƙwabciyata Kulu, ni aka nema in zauna da shi. Bai wuce shekara huɗu ba. Kulu tana da goyo, an hana ta matsowa.

Daga bayan darnin kara ta ce, "Inna Mairo, amana."

Na ce, "Na jiya."

Direba, wani mai suna Garba, yana gaba shi kaɗai. Ni da yaro a baya, aka rufe mana ƙofa. Gadon motar na manya ne, ɗamararsa ba ta kama ƙaramin yaro. Hanya kuwa gargada. A ramin farko yaron ya gangaro gefen ƙarfen gadon, ƙurajen kafaɗarsa suka fashe. Na gwada ɗaure shi da majanyi, ya yi ƙara, don ba inda za a matsa a jikin nan. Na daki bangon motar har Garba ya tsaya.

"Mi ya faru, Inna?"

"In ka ƙara gudu haka, gawa za ka kai."

"Tafiyar kunkuru nika yi, wallahi."

"To kunkurunka kofato gare shi."

Wurno

Da hantsi muka iso. Ba mu shiga gari ba, muka tsaya gindin wata tsamiya. Masu zuwa kasuwa suka riƙa ratse hanya. Na yi wa wata mata sallama ta taga, ta ja lulluɓi ta wuce. Garba ya sayo fura ya tsiyaya mini a kwanona daga nesa. Ummaru ya haɗiye ludayi ɗaya, sauran na sha.

A gangaren gulbi na ga yashi. Sa'ad da na kwanta ciwon nan, kan yashi mai laushi aka shimfiɗe ni. Na tambayi Garba ko yana da buhu.

"Guda biyu, na gero. Mi za ki yi da su?"

"Cika su da yashi. Kada su yi tauri."

Ya cika ya ajiye bakin ƙofa ya ja baya. Na sauke yaron daga gado, na shimfiɗa zanena a ƙasan motar, buhu dama, buhu hagu, kansa a tsakanin tafin ƙafafuna. Na ɗaure ƙuguna a jikin ƙarfe, don kada in faɗa masa. Mota ta yi ta tsalle, yaro bai gusa ba.

Rabah

An ce wa Garba ya biya ya ɗauki wata yarinya mai agana a rugar Fulani kusa da garin. Bayan azahar muka je. Ba kowa, sai turaku da toka mai ɗumi. Sun ji labarin motar sun tashi da ita. Garba ya yi ta kira, ba amsa.

Daga nan zafi ya rufe mu. Ummaru ya daina kuka, abin da na fi tsoro ke nan. Haka ƙaramin nawa ya yi. Na riƙa ɗiga masa ruwa a leɓe, ina ce masa, "Kai, ba nan ba. Uwakka tana jira." Ban sani ko yana ji ba.

Sakkwato

Rana ta yi ja muka shiga. A wasu rumfuna bayan gari ake ajiye masu agana. Malamin asibiti ya taɓa wuyan Ummaru ya ce, "Shina da rai." Da za a ɗauke shi ya damƙe yatsana, sai da na ɓamɓare hannun da kaina. Aka ƙone zanena da buhunan, aka ba ni wani tsohon zane na ɗaura.

Na zauna wajen ina ɗebo wa majinyata ruwa har ƙurajensa suka fara bushewa, ya nemi kunu da bakinsa. Aka ce sai ɓawon ya gama zuba za a sallame shi, ni in tafi.

Gida

Ayarin masu jakuna na biyo a ƙafa, ina can baya, don ba su yarda in matso su ba. Da na iso na tsaya jikin darnin Kulu na ce, "Ya tashi. Za shi yi kama da ni, amma ya tashi."

Na ji ta zube ƙasa tana kuka. Na shiga ɗakina na share shi.

Na gode wa Allah da ya fisshe ni kunya, Garba kuma Allah ya saka masa. Da magariba Kulu ta turo akushin tuwo ta ƙarƙashin darni, har da man shanu. Ta ce, "Inna, akushin ma ki riƙe, ba sai kin maido ba."