Gwankin Turawa da Aka Raba a Shagon Alhaji

A siton da nake aikin ɗaukar kaya a Vénissieux, gefen birnin Lyon, akwai wani tsohon Bafaranshe mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda ba shi da hira sai ta farauta. Wata rana muna cin abincin rana ya nuna mini hoton wata dabba mai kama da gwanki, amma ƙahonta ya yi rassa kamar busasshen gawo. Maimakon in yaba in ci gaba da cin burodina, sai na ce masa ai mu maharba ne tun kaka da kakanni. Ubana tela ne a Maradi. Babbar dabbar da na taɓa kashewa ita ce gafiya, ita ma tarko ne ya riƙe mini ita. Allah Ya yafe mini, bakina ya fi ni sauri tun ina yaro.

Tsohon ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce gwiwarsa ta fara ba shi wahala, yana neman wanda zai raka shi dutse a watan Oktoba. Shi zai riƙe bindiga tunda ba ni da permi, wato takardar izinin farauta, amma in an dace rabin naman nawa ne. Ni na ɗauka maharbi yake nema. Ashe jaki yake nema.

A ƙarshen makon na je Paris gaida kawuna, Alhaji, mai shagon atamfa a unguwar Château Rouge. Shi ya saukar da ni lokacin da na iso ƙasar nan, matarsa Hajiya kuma ta ciyar da ni har na samu aiki. Na tarar ana shirin walimar auren babban ɗansu, Hajiya tana ɗaura gyale za ta je ta gaya wa mahauci ya ajiye mata naman sa.

Na ce, "Hajiya, bar mahaucin nan. Naman walima a wuyana yake."

Ta tsaya ta dube ni. "Kai? Sa za ka saya?"

"Harbowa za mu yi."

"To, ɗana, ka tabbata? Mutane za su zo har daga Lyon hwa."

Na ce mata tukwane kawai za ta ƙara. Ta kwance gyalen ta zauna.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Alhaji ya ce a bar masa fata, buzun salla yake so. Wani likita ɗan Kaduna da ya shigo sayen shadda ya ce ƙahon zai dace da falonsa, bisa talabijin. Mai kitso ta maƙwabta ta leƙo ta ce hanta tata ce, kar a ce ba ta faɗa ba. Dabba tana can kan dutse tana cin ciyawarta, ba ta san an raba ta har kofato ba. Ni kuwa ina zaune bisa bandir ɗin atamfa ina ta alheri da abin da ban mallaka ba.

Akwai wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke ja mana salla, muna ce masa Malam. Shi kaɗai bai nemi kaso ba.

Ya ce, "Wa za ya harba?"

"Tsohon."

"To, a wurin malamanmu, abin da ba Musulmi ba ya harbo har ya mutu, ba a ci. Sai in ka iske shi da rai ka yanka. Ka iya gudu?"

Na ce kamar barewa. Na sayi wuƙa a nan layin, na koma Lyon.

Ranar tafiya muka yi ta hawa da mota har hanya ta ƙare a gindin duwatsun Vercors. Na yi sallar asuba a gefen mota. Sannan na yi abin da kowane ɗan mutunci yake yi in dattijo ya gayyace shi: na sa riga mai tsabta, na ciro turaren da Alhaji ya kawo mini tsaraba daga Makka, mai maiƙon nan da ko an wanke riga ba ya fita, na shafa a gemu, da wuya, da hannun riga. Ba a raka babba da warin gumi.

Ba mu yi nisa ba Tsohon ya tsaya. Ya ɗaga hanci sama, ya juya hagu, ya juya dama, ya zo ya tsaya a kaina.

"Daurin aure za mu je?"

"Girmamawa ce."

"Wa kake girmamawa? Dabbar nan hancinta ne idonta. Da wannan abin naka, ko matattu sun san mun iso."

Ya sa na cire rigar na rataye a reshe. Ya ɗebo laka da kashin tumaki ya ce in shafa. Na shafa har gemu. Turaren bai tafi ba, sai dai ya samu abokin zama.

Ban san haka farauta take ba. A tunanina ana tafiya da karnuka da ganga da kirari, a dawo kafin azahar. Nan kuwa hawa ne kawai, cikin itatuwa masu duhu, sai tsakuwa mai zamewa, sai wani hawan. Ba ƙauye, ba bukka, ba rezo a tarho balle ka kira wani, ba wanda za ka ce wa ina kwana. Magana ma an hana. Mai ciwon gwiwa yana gaba kamar akuya, jikan maharba yana baya yana haki yana tuna duk soyayyen da ya ci a unguwarmu ta Minguettes. Lokaci-lokaci Tsohon ya kan busa ɗan toka daga kwalba ya ga inda iska ta nufa, sannan ya dube ni ya girgiza kai.

Can sai muka ji kuka daga cikin kwari, kamar an haɗa sa da zaki a maƙogwaro ɗaya. Ban san lokacin da na riƙe jakar Tsohon ta baya ba. Ya ce namijin ne yake kiran mata. Na ce na sani, takalmina nake gyarawa.

Muka lallaɓa har na ga ƙahon yana motsi tsakanin itatuwa. Sai iska ta ɗan juya. Dabbar ta ɗaga hanci, ta tsaya kamar mai tuna inda ta san ni, ta juya ta tafi. Muka sake bin sawu har rana ta yi tsaka, muka sake matsowa, ta sake shaƙar iska ta tafi, wannan karon ko gudu ba ta yi ba.

Tsohon ya ce, "Muddin kana tare da ni, ba za mu kusance shi ba. Sai daga nesa."

Haka aka yi. Da yamma muka hango shi a wancan gefen wani kwari mai zurfi, yana tsaye a fili. Tsohon ya kwanta rub da ciki, ya daɗe yana auna shi. Bindiga ta tashi, dabba ta faɗi. Na zare wuƙa na zabura.

Gangarowa da gindi na yi ta. A ƙasa akwai rafi mai sanyin ƙanƙara, ya karɓi takalmina ɗaya. Hawan wancan gefen da hannu da gwiwa na yi shi, wuƙa a baki. Ko da na isa, dabbar tana kwance, ido a buɗe, ƙudaje har sun riga ni.

Na duba hagu, na duba dama. Tsohon bai ko kai rafi ba. Na yi bisimilla na yanka. Jini bai yi tsartuwa ba, ɗan abin da ya fito ma da ƙyar. Amma na ga kunnen ya motsa, na riƙe wannan a zuciyata da hannu biyu.

Da Tsohon ya iso ya cire hularsa, ya karyo ɗan reshe ya sa wa dabbar a baki, wai lomarta ta ƙarshe. Na ce a raina Turawa akwai abin mamaki, suna ciyar da gawa. Shi kuma ya dubi wuyan, ya dube ni da takalmi ɗaya da kashin tumaki a gemu.

"Sau nawa kuke kashe dabba a garinku?"

Aka feɗe, aka rarraba, aka ɗora mini. Sawu nawa na yi tsakanin dutsen da mota, a ranar da washegari, ban ƙirga ba, amma bayana bai manta ba. Da muka sauko inda rezo ya dawo, na kira Malam. Na taƙaita gaisuwa.

"Malam, an dace. Na yanka."

"Alhamdu lillahi. Da rai ka iske shi?"

"Kunnensa ya motsa."

"Ya shura ƙafa? Jini ya tsarto?"

"Kunnen dai, Malam."

"Akwai iska a wurin?"

"Kan dutse ne, Malam. Kullum akwai iska."

Ya ce, "To kai mi ka gani? Ni ban je ba. Kai ka je."

Da ya yi mini faɗa da na samu abin gardama. Na tsaya a bakin hanya da tarho a hannu, ina tuna hannun Hajiya da ya sha zuba mini tuwo, ina ganin wannan hannun yana zuba wa baƙinta mushe da sunana. Na ce masa iska ce.

Kiran Hajiya ya fi hawan dutsen wuya. Walima ta matso, tukwane an aro. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Lahiya lau ka sauko?" Na ce lau. Ta ce to, ta kashe. Daga baya na ji da ƙafarta ta bi mahautan unguwar ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke da naman sa da zai isa, sai kaji ta harhaɗo.

Rabin naman da ya zama nawa na kai wa maƙwabcina, wani Kirista ɗan Jos. Shi da iyalinsa suka ci har sanyi ya wuce, kuma kullum muka haɗu a matakala sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sarkin baka, Allah Ya ƙara sa'a!"

Na je walimar. Na shiga ta ƙofar kicin don kada in haɗu da masu kaso, amma mai kitso tana can tana yanka albasa, ta tambaye ni lafiyar hantarta. Hajiya ta miƙo mini wuƙa da kwandon kaji ba tare da ta dube ni ba.

"Ungo. Waɗannan an yanka maka su tun tuni, gutsuttsurawa kawai za ka yi."

Na naɗe hannun riga na durƙusa. Da aka fara rabon abinci, ita da kanta ta zubo mini shinkafa, ta malala miya, ta tsame cinyar da ta biyo ludayi ta mai da tukunya.