Inna ɗaya, hoto uku

Jiya a gidanmu na Ƙofar Durbi, mu uku muka duƙufa kan waya ɗaya. Inna ta rasu ba ta bar hoto ba, sai kowannenmu ya rubuta kamanninta, na tura wa manhajar AI mai zana hoto a lokaci guda.

Na Yaya Binta ya fito da mace ƙaƙƙarfa tana daka. Na Yaya Sani, tana dariya a bakin murhu. Nawa kuwa, ramammiyar tsohuwa ce kwance kan tabarma.

Yaya Binta ta ce, "Haba auta, wannan ce Inna?"

Na ce, "Yaya, ni a haka na taso na same ta."



Allah Ya jiƙan Inna. Ku da kuka rasa uwa, da wane kamanni kuke tuna ta?