Sukar da Ban Zare Ba

Shekara bakwai ke nan cif da aka fitar da yayana Mansur daga gidanmu na Tandabawi, aka kai shi Harami aka sallace shi bayan la'asar. Duk wanda ya zo ta'aziyya abu ɗaya yake faɗa, Mansur ya yi dacen makwanci, kuma na yarda. Abin da na kasa gaya wa kowa a lokacin shi zan rubuta yau. Yaya ya rasu ina gaba da shi, kuma a kan wasa.

Direban bas ne, yana jigilar alhazai tsakanin Aziziyya da Harami. Duk a nan Makka aka haife mu, kakanmu ne ya zo daga Kano ya zauna. Aikin direba rabinsa jira ne, Yaya kuwa ba ya iya zaman banza. A wajen jiran nan ya koyi wani wasa a hannun abokin aikinsa, ya kawo mana gida, muka sa masa suna wasan labari. Mutum ɗaya ne yake riƙe da labarin, shi ne alƙali. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a ciki, a rubuta sunansa da ƙarfinsa da makaminsa a takarda. In alƙali ya ce ga 'yan fashi sun tare hanya, sai ka faɗi abin da mutuminka zai yi, a yi ƙuri'a a ga ko ya dace. Kowace Juma'a in an gama cin abincin rana mu huɗu muke zama: shi a matsayin alƙali, da matarsa Huda, da ƙanenmu Faisal, da ni Sa'adatu. Doka ta farko, da Hausa ake yi. Wanda ya saki Larabci, mutuminsa ya yi tuntuɓe. Faisal ya sha faɗawa rami saboda "yalla" kawai.

A wasu wuraren da ɗan lido ake ƙuri'ar, wanda a nan muke kira zahar. Innarmu ta ce ba dai a gidanta ba. Yaya bai yi musu ba. Ya tara ƙwallon dabino ashirin, ya wanke, ya shanya, ya rubuta wa kowanne lamba, ya zuba a tsohuwar hularsa. Ka sa hannu ka ɗauko, in lambar tana da girma ka ci. Inna ta leƙa hular ta ce, "Ku dai ba kwa rasa dabara," ta ƙyale mu.

Daga baya ne ya kamu da son faɗan Japan. Ba na dogon takobin nan da kowa ya sani ba, wasu guda biyu ne ya gani a waya. Ɗaya sunansa jukendo, horon soja mai wuƙa a bakin bindiga ne aka mayar wasa, ana yi da bindigar katako mai roba a baki. Babu sara a cikinsa sai suka, a ƙirji ko a maƙogwaro. Ɗayan tankendo, gajeren takobin gora ne a hannu ɗaya, kana iya matsowa ka riƙe hannun abokin karawa sannan ka soke shi. Inna ba ta taɓa iya sunan ba, tankaɗe take cewa, mu ma muka bi ta. Ya so ya sassaƙa bindigar da sandar goge ƙasa, Inna ta sha mur. Ta ce garin da ko ƙaya ba a sarewa, ba za a koyi sukar mutum a ɗakinta ba, ko da katako ne. Shi ya sa faɗan duk ya koma kan takarda.

Wata da watanni yana kallon ƙafafun mutanen nan, ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, har ya gano abin da ya fi burge shi. Alƙalansu ba sa ƙirga suka don ta taɓa jiki kawai. Sai mai sukar ya zare makaminsa, ya tsaya a nutse, idonsa a kan abokin karawa, tamkar faɗan bai ƙare ba. In ya juya yana murna, an soke cin. Yaya ya ɗauko wannan ya sa a wasanmu. In ƙwallonka ya ci, sai ka zauna daram ka ce, "Na zare, na tsaya." In ba ka faɗa ba, ka yi aikin banza.

Mutuniyata a labarin Dije ce, mai gadin ayarin gishiri, gajeren takobi ne makaminta. Wata takwas muna bin sawun wani shugaban 'yan fashi da ya ƙwace wa ayari rijiya. Ranar da muka cim masa, Dije ta riƙe hannunsa, na sa hannu a hula na ɗauko ashirin. Ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba.

Yaya ya bari na gama, sannan ya ce, "Ba ta ci ba."

"Ashirin ce fa, Yaya! Ka duba."

"Na gani. Ba ki zare ba, ba ki tsaya ba."

Huda, wadda take kiransa da sunan 'yarsu Rim, ta ce, "Haba Abu Rim, ka yi mata ma'alesh mana, ka ɗaga mata ƙafa." Ya girgiza kai yana murmushi, murmushin nan kuwa shi ya tunzura ni. Ni tun ina yarinya bakina ya fi ƙarfina. Na ce masa, "Mutum shekara arba'in da biyu, 'yarka tana kallonka, ba ka da abin taƙama sai ƙwallon dabino. Waɗanda kuka yi makaranta tare suna ofis, kai kana nan kana alƙalancin wuƙar da ba ka taɓa riƙewa ba."

Na san sarai abin da ya fitar da shi daga makaranta. Babanmu ne ya rasu, ya kama tuƙi don ni da Faisal mu yi karatu. Da saninsa na faɗa, don na san nan ne zai yi masa zafi. Bai ce uffan ba, ya shiga tsince ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa hula. Na ɗauki abayata na koma gidana Utaibiyya. Juma'a uku ban je ba. Ya kira ni sau biyu, ina kallon wayar har ta katse. Ranar Talatar da ta biyo baya ya ajiye bas kafin azahar, ya ce ƙirjinsa yana ciwo, ba a kai asibiti da shi ba.

Da Hausa, sukar mashi da sukar baki duk suka ne. Ni na soka ban zare ba, na tafi na bar masa ita a jiki. Shekara bakwai ina tambayar kaina ko da ita ya kwanta. Na daina yarda a yi zancen wasan a gabana. In Huda ta fara, sai na tashi in ce zan ɗora shayi.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Faisal yanzu da wasu yake wasan, ta waya, waɗanda bai taɓa gani ido da ido ba, wayar ce ma take jefa musu ƙuri'a. Faɗan Japan ɗin da Yaya ya sha wahalar ganewa ta kallon ƙafa, yanzu ga shi an fassara da Larabci a ƙasan hoto. Na san zai ji daɗin wannan, zai kuma yi ta murna in ya ga bai yi kuskure ba. Abin da ba zai so ba shi ne teburin da babu kowa a kansa, da kuma jin 'yarsa Rim tana kirana Ammati. Shi Gwaggo ya so ta riƙa cewa. Tana da shekara tara ya rasu, Hausarta kuma ta tsaya inda ya bar ta.

Watan jiya Rim ta zo gidana da mahaifiyarta, riƙe da wani tsohon daftari. Ashe duk Juma'a Yaya yakan rubuta inda labari ya tsaya, da Hausa, amma da haruffan Larabci, don shi da su ya iya rubutu.

"Ammati, ina iya karantawa, bas ban gane ba," in ji ta, da "bas" ɗin Larabawa a maimakon "amma".

Na so in tashi ɗora shayi, Huda ta riƙe mini hannu. Rim ta buɗe shafin ƙarshe, ta shiga haɗa baƙaƙen a hankali da harshenta na Larabawa. Layi ɗaya ne, an maimaita shi sau uku, kowanne da ranar Juma'arsa: "Yau ba a yi ba. Dije tana riƙe da hannunsa. A jira."

Huda ta ce duk Juma'o'in nan uku sai da ya fito da hular ya ajiye. Faisal ya yi ta magiya a ci gaba, ya ce a'a, ba a gama da wancan faɗan ba, mai shi tana zuwa.

Ba zan ce maganata ba ta yi masa ciwo ba, na san ta yi, kuma babu rubutun da zai goge wannan. Amma abin da ya rage mini na Yaya yanzu ba shirun nan da ya yi ba ne. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana jiran baƙi a bakin titi, da ƙanwarsa ta ci masa fuska, bai ba wa kowa wurinta ba. Allah Ya gafarta masa, Ya sa ni ma ya yafe mini.

Rim tana nan da yatsanta a kan kalmar ƙarshe, tana kallon yadda nake kuka. Ta ce, "'A jira' na gane, ya Ammati. Bas wa ake jira?"

Na ce, "Ni ce."