Sallar da Kaka ta ƙi cin abinci saboda wata

Ko na manta da komai, ba zan manta da ƙaramar Sallar da bakina ya kusa kashe kakata ba.

Ina 'yar shekara goma sha shida a lokacin, muna zaune a Nakkasa, wata unguwar Hausawa a ƙasa mai tsarki. Cikin azumi ne 'yan sama jannati suka sake sauka a wata. Kaka ba ta jin Larabci, don haka ni ke fassara mata rediyo. Aka ce sun girka na'urar auna girgiza, da suka taso kuma suka saki wani ɓangaren kumbonsu ya faɗa wa watan, ya daɗe yana rawa. Ni kuwa da shegen ƙarin gishiri na ce, "Ya sitti, kakata, sun buga shi har ya tsage!"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Watan da muke azumi da shi? Wallahi in azumin nan ya ƙare, ba abin da zai shiga bakina sai na ga ya sake tsayawa da idona."

Ranar jajibiri aka buga igwa, gari ya ɗauka gobe Sallah. Kaka ta duba sama, ba ta ga komai ba. Da gari ya waye babana ya ce, "Inna, haramun ne azumi ranar Idi." Ta ce, "Ba azumi nake ba, rantsuwa na yi." Na durƙusa na ce ƙarya na yi, ta ce yanzu ne nake ƙaryar. Tsohuwa mai ciwon suga! Da azahar ta kwanta ta kasa tashi, ni kuma na shige ɗaki ina kuka da sabon kayana.

Da magariba babana ya goya ta zuwa saman soro. Na kama yatsarta na nuna mata yamma. Ta daɗe tana ƙifta ido, sannan ta ce, "Ga shi can, lafiyarsa lau. Halas, shi ke nan, ba ni zamzam." Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin da na ji tana haɗiyar ruwan nan ba. Ta ci dabino uku, ta ja mini kunne.

Yau ni ce kakar, jikokina ke karanta mini labarai a waya. Tun ranar na gane cewa wanda ya mai da kai kunnensa, ba a yi masa wasa da labari.