Neman Kabarin Babanmu a Gandun Daji

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don tsoron kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Amma tsufa ya zo, kuma waɗanda suka sani suna ƙarewa.

Babanmu ya rasu a hanyar hajji ina goye, a wani daji na kudancin Sudan. A Jidda na girma. Da na zama mutum, Inna ta ce, "Isa, je ka yi masa addu'a. Yana ƙarƙashin babbar bishiya, bakin rafi." Kwatancen ya ishe ni, domin a unguwarmu ta Sa'alaba in an ce "wajen bishiya" kowa ya gane. Guda ce.

Jidda zuwa Juba

Na fita bayan asuba, kafin yaƙin kudu ya fara. Jirgin ruwa ya kai ni Bur Sudan, jirgin ƙasa zuwa Kosti, sai jirgin kogi. Takarduna na cikin rigata, ina taɓa su kamar ciwo. Daga Juba na hau motar katako, muka nufi iyakar Kwango.

Gandun daji

Hukuma ta killace dajin: ba sara, ba harbi, sai ɗibar zuma ga mutanen gefe. Mai gadin, Baba Tanko, Bahaushe ne da guzurin hajji ya ƙare masa a nan, ya yi aure ya zauna. Na ba shi kwatancen Inna. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗan Jidda, wace daga ciki? Yalla, zo ka zaɓa."

Muka shiga. Rana ba ta taɓa ƙasa. Birai masu farin gashi kamar alkyabba suna tsalle a sama, aku na ta surutu, ƙasa na ƙamshin ruwa. Kowace bishiya babba ce, kowane kwari da rafinsa. Tsohuwar hanyar alhazai giwaye sun gaje ta. Baba Tanko ya tona kashinsu da sanda, ya nuna mini tsiro.

"Su ne manoman nan. Inda aka bizne mutum, yanzu an yi kurmi."

"Baba, in na yi addu'a a inda ba nan ba fa?"

"Wanda kake roƙo ai bai ɓata ba."

Na nemi gabas, na yi wa dajin gaba ɗaya addu'a. Na so in tsinko wa Inna ganye, na tuna doka, na bari.

Gida

Na isa Jidda cikin zafi, na gaya wa Inna gaskiya: ban same shi ba. Ta ce, "Akwai inuwa?"

"Inna, ba komai sai inuwa."

"Halas, shi ke nan. Ya fi mu."

Ita ta huta da wannan har ta rasu, ni ban huta ba. Na gode wa Allah da Baba Tanko. In akwai wanda ya bi ayarin da aka bizne babanmu, Musa mai ɗinkin hula, ko ya ji daga iyayensa, don Allah ya gaya mini sunan rafin.