Kowa Ya Tafi Da Mai Lambarsa: Tuna Garba Mai Walda

Ranar Talatar da ta wuce Garba Mai Walda ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ni ba marubuci ba ne, awon hatsi na sani a kasuwar Kaura. Amma wani abu ya faru a filin ƙwallonmu cikin ranin bana, ya sa na yi ta zancen Garba safe da yamma, har mai ɗakina ta ce ko in rubuta ko in bar kunnenta ya huta. Saura kaɗan mu binne wata doka da ya bar mana, kuma mu da muka fi kowa cin moriyarta mu ne muka ɗauko fartanya.

Bari in fara da gaskiyar da ba ya so a faɗa: Garba bai iya ƙwallo ba. Na daɗe ina tsaron raga, ban taɓa jin gabana ya faɗi don shi ne zai buga ba. Duk da haka shi ya kafa ƙungiyar farko a unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa, da tamaula guda da wani direban jirgi ya kawo masa daga Zariya. Turakun ragarmu na farko na itace ne, gara ta cinye su cikin damina ɗaya, sai ya samo tsofaffin bututun ruwa ya yi musu walda. Rigunanmu singileti ne da muka kai marina, tela ya ɗinka lambobi da farin ƙyalle. In an sha gumi, kowa ya koma gida da shuɗin ƙirji.

Da ƙannenmu suka ishe mu da tsayuwa bayan raga, sai ya tara su ya yi musu tasu ƙungiyar. Ba mu da wani suna na gayu. Manyan Garba da Ƙananan Garba, haka gari ya kira mu, haka muka amsa. In rigar Manya ta koɗe, tela ya rage ta, ta koma jikin Ƙanana da lambarta, don haka yaro mai lamba bakwai ya san wanda zai gada tun yana firamare. Ranar wasa Ƙanana ke farawa da an sallame la'asar, Manya su rufe kafin magariba, kuma duk babban da bai zo kallon yara ba, ranar a benci zai wuni ko shi wane ne.

Daga baya muka fara fita Shinkafi da Zurmi, su ma suna zuwa mana. A bayan motar hatsi muke tafiya, zaune kan buhuna. Wata rana a Shinkafi rigima ta tashi kan fanareti, 'yan kallo suka shigo fili, aka fara jifa. Garba ya shiga rabo, dutse ya ɗauke masa haƙorin gaba. A hanyar dawowa duk muka yi rantsuwa ƙafarmu ba za ta sake taka garin ba. Shi kuwa yana riƙe da tsumma a baki. Bayan mako guda ya hau mota shi kaɗai da giɓinsa, ya je ya zauna da kocin Shinkafi, daga nan ya zarce Zurmi. Ya dawo mana da doka.

Dokar ba ta da tsawo. Baƙi su iso da hantsi, a jeru a fili, kowane ɗan gida ya tafi da baƙon da ke sanye da lambarsa. Ya kai shi gidansu ya ci abinci, su yi azahar a masallacin unguwa, su dawo fili tare. Manya da Ƙanana duk haka. Muka yi ta gunaguni, shi kuwa ya ce, "Ina son in ga wanda za ya ci abincin tsohuwar mutum da rana, ya zo da la'asar ya karya mai ƙafa."

Ni lamba ɗaya ce, saboda haka rabona a Zurmi ya faɗa kan golansu, Bello, wani dogon Bafulatani da rugarsu ke bakin gari. Ranar farko tsohuwarsa ta dama mini fura da kindirmo a ƙwarya mai faɗin faifai. Na sha rabi na ajiye, ta ce ashe furarta ba ta yi daɗi ba. Kunya ta sa na shanye, ta ƙaro. Da la'asar ina tsaye cikin raga kamar buhun da aka cika aka ɗinke, sau huɗu ana zura mini. Da aka tashi Garba ya dube ni ya ce, "Sale, tamaular ta wuce ka, ko kai ka ba ta hanya?" Sai a mota muka gane duk ƙungiyar haka aka yi mata. Da suka zo Kaura, iyayenmu mata suka rama mana da dambu da mai, Bello ya kasa ko sunkuyawa.

Ba zan yi ƙarya in ce faɗa ya ƙare ba. An ci gaba da musu da alƙalin wasa, an ci gaba da zagin da ba ya rubutuwa. Amma ba a sake ɗaga dutse ba. Ranar sunan ɗana na fari, Bello ya zo da ƙwaryar man shanu, tun daga Zurmi a kan keke.

Garba ya rasu bayan jinya ta wata biyu, a lokacin da hanyoyinmu suka fara lalacewa saboda 'yan bindiga. Wani lokaci nakan ce Allah ya rufa masa asiri da bai ga ƙarshen abin ba. Zuwa Shinkafi ya koma sai da dalili mai ƙarfi, balle a ɗora yara ashirin a mota don ƙwallo. Wasannin garuruwa uku suka tsaya ba tare da wani ya ce an tsayar ba. Bello kuwa labarinsa na ƙarshe da na ji shi ne an kore masa shanu, ya tashi da iyalinsa. Har yau ban san inda yake ba, kuma abin yana ci mini rai.

To, bana sai ga Nasiru, ɗan Garba, wanda ke riƙe da Ƙanana yanzu, ya same ni a rumfa. Ya ce, "Baba Sale, yaran ga da sunka taso daga ƙauyukan Zurmi sun haɗa ƙungiya, suna son wasa da mu. Na ce in za a yi, a yi shi yadda Baba ya bari." Yara ne na iyalan da tashin hankali ya koro cikin Kaura, Hausawa da Fulani a gauraye, suna buga tasu ba takalmi a wani kango.

Muka tara tsofaffin 'yan wasa, a nan magana ta ɓaci. Alhaji Musa, tsohon mai lamba biyar ɗinmu, ya ce wasa a yi, amma shiga gida a'a. "Ba mu san ɗiyan wa ne ba," in ji shi. "Yaro ya shigo ya ga ƙofa, ya ga inda babur ke kwana, gobe wa ya san wanda za ya ba labari?" Babu wanda ya iya ɗaga ido ya dube shi, don ƙanensa a hanyar Zurmi 'yan bindiga suka kashe shi. Ni ma da nake cika baki, na ji tsoron a cikina. Na tambayi kaina me Garba zai ce, kuma wallahi ban sani ba. Shi haƙori ya rasa, Musa ɗan'uwa ya rasa, ba ɗaya ba ne.

Abin da na iya faɗa kawai shi ne jikana ne golan Ƙanana, don haka mai lamba ɗaya a gidana zai ci. Na ce ban tilasta kowa ba. Nasiru ya bi gida gida kwana huɗu yana lallashi, har gida goma suka yarda. Saura na Musa, wanda autansa ke sanye da lamba biyar.

Ranar wasa yaran suka zo da hantsi. Ba su da riguna iri ɗaya, sai Nasiru ya rubuta musu lambobi da alli a baya. Aka jeru, kowa ya kama hannun nasa suka fara watsewa. Mai lamba biyar ya rage shi kaɗai jikin turken raga, wani siririn yaro, yana ta wasa da ƙasa da yatsan ƙafa kamar bai damu ba. Autan Musa na can nesa, kansa a ƙasa. Na buɗe baki zan ce yaron ya biyo mu, sai ga ƙarar babur. Musa ne. Bai gaishe da kowa ba, bai dubi inda nake ba. Ya ce, "Kai, mai lamba biyar, hau." Ya juya ga ɗansa ya ce, "Kai kuma mi kake jira?"

Nawa baƙon na tambaye shi ko ya taɓa jin wani Bello gola. Ya ce bai san shi ba. Ya ci ya ƙoshi, ya yi azahar kusa da jikana.

Yau in ka je filin, tsatsa ta ci turakun Garba har an ɗaure ɗaya da waya. Ba mu da kofi ko guda da za mu nuna, shuɗin rigunan nan ko tsummansu babu. Yaran yanzu a waya suke kallon ƙwallon Turai, rabinsu ba su san fuskar Garba ba. Na daɗe ina ganin abin da ya kafa ya bi shi kabari, ashe ban lissafa daidai ba.

Da la'asar ina zaune a benci, Musa ya zo ya zauna gefena. Aka fara wasa, sai na lura mai lamba biyar na baƙi ya kasa gudu, yana tafe yana dafe ciki. Musa bai ɗauke ido daga fili ba, ya ce, "Ƙwarya biyu na sa anka dama mai. Ai haka sunka yi muna."

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Allah ya jiƙan Garba Mai Walda, ya sa Aljanna ce makomarsa. Bello kuma, in kana raye wannan ya iso gare ka, gidana yana nan inda ka san shi, kuma lambar ba ta canza ba.